Lakwal da makaranta: sunaye biyu na wurin karatu a Allakaye

A Allakaye, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, in aka ce yaro ya tafi makaranta, yawanci allo ake nufi da tsangayar malam. Wadda gwamnati ta gina kuwa sunanta lakwal, yaranta 'yan lakwal. A Kano da Sakkwato suna ɗaya aka ba su duka, sai a bambance da cewa ta allo ko ta boko. Wannan bambanci yana da tarihi.

Lakwal daga Faransanci ta fito, "l'école". Kunnen Bahaushe ya ji kalmar haɗe da ɗan harafin da ke gabanta, ya ɗauke su tare, kamar yadda ya yi wa "l'impôt" ya ce lanho. Tsohuwar ɗabi'a ce: haka kakanninmu suka yi wa Larabci, "al-lauh" ya zama allo, "al-ƙalam" ya zama alƙalami. Sai dai allo da alƙalami sun zama 'yan gida, har ba mai jin baƙuncinsu. Makaranta kuwa ginin Hausa ce, ma'anarta wurin karatu, kuma mutanen Adar, yankin da Allakaye take, ba su yi saurin miƙa wannan suna ga abin da Nasara ya kawo ba. Mai koyarwa ma an ce masa mushe, daga "monsieur", aka bar malam ga mai Alƙur'ani.

A Najeriya irin wannan ɗari-ɗari yana cikin kalmar boko. An daɗe ana cewa daga "book" ta fito, amma masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar Hausa ce mai nufin abin jabu, kamar a amaryar boko.

Kalmar da ta fi ciwo ita ce sambol. Wani ƙashi ne ko guntun itace da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gida a farfajiyar lakwal. Shi ma sai ya kasa kunne ya kama wani don ya rabu da shi, wanda ya wuni da shi kuma ya sha horo. Yaro ɗan shekara 7 da ya shigo ajin farko bai san ko gaisuwar Faransanci ba, abin da ya fara koya shi ne cewa maganar uwarsa laifi ce.

Nijar ta soma gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma kundin sabunta ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Faransanci yana da amfani ga ɗan Allakaye da zai je Yamai ko Abijan, kuma ya kamata ya iya shi sosai. Amma ya fara iya karatu da harshen da yake tunani da shi. Wannan yana bukatar littattafan Hausa a kowane aji, da malaman da aka horar su koyar da ita.