Mobile Revelers: ƙungiyar da ta ci kofi, aka rushe ta a shekara guda

A ƙasar Damagaram, daga birni har Tirmini, idan ɗan kokawa ya ɗauki takobin ƙasa, garinsu ne ya ɗauka. Makaɗa su wasa shi, tsofaffi su lissafo kakanninsa, ko ya faɗi baɗi sunan yana nan. Wanda ya saba da wannan zai yi mamakin labarin wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Amurka mai suna Mobile Revelers, wadda ta zama zakara a 2003, ba ta kuma sake shiga fili ba.

Asalin maganar daga NBA ne, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. A 2001 shugabanninta suka kafa wata ƙaramar gasa, NBDL, domin ta zama wurin horon ƴan wasan da ba su kai ga babban fage ba. Suka kafa ƙungiyoyi 8 a matsakaitan birane na kudu maso gabashin ƙasar. Ɗaya ta faɗo a Mobile, birnin bakin teku a jihar Alabama, wanda Faransawa suka kafa a 1702. Sunan Revelers, wato masu shagali, an aro shi daga bikin Mardi Gras da birnin ke alfahari da shi tun zamanin Faransawan.

Sunan na gari ne, amma ƙungiyar ba ta gari ba ce. Hukumar gasar ce ta mallaki dukkan ƙungiyoyin takwas, ita ke biyan albashi, ita ke yanke hukunci daga nesa. Ƴan wasan kuwa baƙi ne masu jiran kira: duk wanda ya yi fice, babbar ƙungiya na iya ɗauke shi ana tsakiyar kaka. To, yaya ɗan kallo zai ƙulla zumunci da gwanin da ƙwarewarsa ita ce sanadin tafiyarsa? Ga shi kuma zuciyar mutanen Alabama tana ga ƙwallon ƙafa irin na Amurka da jami'o'insu ke bugawa. Zauren Mobile Civic Center, inda ƙungiyar ke wasa, ya yi wa masu zuwa kallo yawa.

A cikin fili dai ba a ji kunya ba. Mai horarwa Sam Vincent, wanda ya ci kofin NBA da Boston Celtics a 1986 yana ɗan wasa, ya kai su wasan ƙarshe a kaka ta biyu, suka doke Fayetteville Patriots da wasa 2 da 1. Kafin a shiga sabuwar kaka hukumar ta rushe ƙungiyar saboda ƙarancin ƴan kallo. Tare da ita aka rushe Greenville Groove, wadda ta ci kofin farko a 2002. Ke nan zakarun gasar biyu na farko su ne aka fara sharewa, ƙungiyoyi 6 suka rage. Da wuya a samu hujjar da ta fi wannan nuna cewa kuɗin ƙofa ake dubawa, ba kofi ba.

Abin da Revelers ta bari ya fi bayyana a Afirka ta Yamma fiye da Mobile. Sam Vincent ya jagoranci ƴan matan Najeriya zuwa wasannin Olamfik na Atina a 2004, inda suka doke Koriya ta Kudu, nasarar farko da wata ƙungiyar mata ta Afirka ta samu a ƙwallon kwando a wannan fage. A 2006 ya kai mazan Najeriya gasar duniya a Japan.

Ita gasar ta sauya tsari a 2005: aka sayar da ƙungiyoyi ga masu jari, aka ɗaura kowace ga manyan ƙungiyoyin NBA, aka kwashe wasu zuwa yamma. Tun 2017 ana kiranta G League. Daga cikin birane takwas na farko, babu wanda ƙungiyarsa ta asali ta wuce 2006 a cikinsa.