'Ya'yan Biyafara da Jiragen Dare na Uli

'Yan'uwa matasa, yawancinku kun san yaƙin basasar Nijeriya ne a matsayin kwanan wata da ake haddacewa don jarrabawa: an fara 6 ga Yuli 1967, an gama 15 ga Janairu 1970. Yau ina so mu duba yaƙin ta wajen waɗanda ba su ɗauki bindiga ba, wato yara ƙanana, da kuma hannayen da suka ciyar da su.

Kafin a harba harsashi ko ɗaya, yankin Gabas ya riga ya cika maƙil. Kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a 1966 sun sa mutane fiye da miliyan ɗaya komawa gida, da yawa ba su da gona ba su da sana'a. Wannan ɓangare na labarin a ƙofar gidanmu ya faru, bai kamata mu tsallake shi ba. Da Ojukwu ya yi shelar ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, gwamnatin Janar Gowon ta toshe hanyoyin shiga yankin. A Mayun 1968 Fatakwal ta faɗa hannun sojojin tarayya, sai Biyafara ta zama ba ta da teku, ba ta kuma da babban filin jirgi.

Abin da ya fara kashe yara ba rashin rogo ba ne. Rogo da doya suna cika ciki, amma ba sa gina jiki. Mutanen Gabas sun dogara ga shanun Arewa, da wake, da busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake kawowa daga Norway, wanda suke kira okporoko. Da waɗannan suka yanke, tamowa ta shigo: ciki ya kumbura, ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya zube, yaro ya daina kuka ma. Likitoci suna kiranta kwashiorkor, kalmar da ta fito daga harshen Ga na ƙasar Gana. A tsakiyar 1968 hotunan irin waɗannan yara suka cika jaridun Turai da Amurka, har mujallar Life ta sa su a bangonta a watan Yuli.

A nan ikilisiyoyi suka shigo. Limaman Katolika 'yan Ireland na ƙungiyar Holy Ghost, waɗanda suka daɗe suna aikin mishan a ƙasar Ibo, sun ƙi barin jama'arsu, su ne kuma suka riƙa kai labari waje. Ƙungiyoyin Katolika da na Furotesta daga ƙasashe da dama suka haɗu ƙarƙashin suna ɗaya, Joint Church Aid. Matuƙan jiragen suka mayar da haruffan JCA abin raha, suna cewa kamfanin jirage ne na Yesu Almasihu. Daga tsibirin Sao Tome suke tashi, da dare kawai, su sauka a Uli. Uli kuwa ba filin jirgi ba ne, titin mota ne aka faɗaɗa. Ana kunna fitilu na 'yan daƙiƙoƙi lokacin da jirgi ya kusa taɓa ƙasa, a kashe nan take saboda jirgin da ke shawagi a sama yana jefa bama-bamai. A haka suka yi sawu fiye da 5,000, suka kai kimanin tan 60,000 na madarar gari, busasshen kifi, gishiri, magunguna da garin masara haɗe da waken soya. Matuƙa da dama sun mutu a wannan aiki. Daga Uli motoci su kwashe kayan kafin gari ya waye, su rarraba a harabar coci-coci da makarantu, inda mata ke dafawa a manyan tukwane, yara na layi da kwanoninsu.

Sai dai kada mu yi wa labarin kwalliyar da ba shi da ita. Titin da jiragen abinci ke sauka shi ne jiragen makamai ke sauka, a dare guda. Kuɗin ƙasashen waje da ƙungiyoyin agaji suka kashe a cikin Biyafara ya taimaka wa gwamnatin Ojukwu. Ita gwamnatin ta ɗauki wani kamfani a Geneva, Markpress, yana yaɗa mata labarai, hoton yaro mai tamowa kuma ya zama makaminta mafi kaifi. Legas ta ce agajin yana tsawaita yaƙi, ranar 5 ga Yuni 1969 ma jirgin yaƙin tarayya ya harbo jirgin Red Cross, abin da ya tsayar da jigilarta ta sama. Masana tarihi har yau suna gardama a kan haka. Ni dai a ganina, wanda ya ga yaro yana mutuwa ya ba shi madara bai yi laifi ba, amma masu cewa agajin bai shafi tsawon yaƙin ba suna rufe ido ne. Ku kuma lura, Gowon ɗan mai wa'azin bishara ne da ya tashi a Wusasa, cikin sojojinsa akwai Kirista da yawa. Masu cewa yaƙin addini ne zalla sun sauƙaƙa abin fiye da kima.

Jiragen ba sa komawa wofi kullum. Yaran da tamowa ta fi galabaitarwa ana ɗauke su a kai su Gabon, Kwaddibuwa da Sao Tome. Kusan 5,000 aka fitar ta haka, mafi yawansu zuwa Gabon. An cece su daga mutuwa, wannan babu musu. Amma wasu an ɗauke su suna ƙanana ƙwarai, ba su iya faɗin sunan mahaifinsu ko na ƙauyensu ba, takardun da aka cika cikin duhu da gaggawa kuma ba su da cikakken bayani. Da aka gama yaƙi, sai da aka yi ta ja-in-ja kafin a dawo da su. Gabon da Kwaddibuwa sun amince da Biyafara a matsayin ƙasa, don haka babu jituwa tsakaninsu da Legas. Nijeriya ta ƙi yarda a kira yaran 'yan gudun hijira, ta ce 'ya'yanta ne da aka kwashe. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin Yarima Sadruddin Aga Khan, ita ta shiga tsakani, aka dawo da su daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1971. Akwai waɗanda suka sauka suna jin Faransanci fiye da harshen uwarsu. Da yawa an gano danginsu. Waɗanda ba a gano ba suka tashi a gidajen marayu ko a hannun masu riƙo. Su kuwa 'yan mishan da suka ciyar da su, gwamnati ta kori da yawansu daga ƙasar.

Daga wannan yaƙi aka samu ƙungiyar Concern ta Ireland a 1968, likitocin Faransa da suka yi aiki a Biyafara kuma, irin su Bernard Kouchner, suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971. Ita ce kuke gani yau tana jinyar yara masu tamowa a Maiduguri da Katsina.

Yunwar ba ta bar jikin yaran ba ko da abinci ya dawo. Wani bincike da likitocin Sweden da na Nijeriya suka yi a Enugu, aka buga a 2010, ya nuna waɗanda aka haifa cikin yunwar sun fi waɗanda aka haifa bayanta kamuwa da hawan jini da matsalar sukari lokacin da suka kai wajen shekara arba'in. Wani binciken na masana tattalin arziki a 2012 ya gano cewa 'yan matan da yaƙin ya riska suna tasowa sun girma sun fi takwarorinsu gajarta. Waɗanda suka yi layi da kwano a harabar coci a 1968 yanzu sun kai shekara sittin ko sun haura, wasunsu suna da shaguna a Sabon Gari ta Kano da kasuwannin Jos da Kaduna.