Kogin Kwara: daga tsaunukan Gini zuwa Tekun Atilantika

Kogin Kwara, wanda littattafan makaranta ke kira Neja, shi ne na uku a tsawo a nahiyar Afirka, bayan Nilu da Kwango. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Kowace al'umma da ke gaɓarsa da sunan da ta raɗa masa: Mandinka na ce masa Joliba, Zabarmawa Isa Beri, Yarbawa Oya. Daga sunansa na Turawa aka samo sunayen ƙasashe biyu, Nijeriya da Nijar.

Mafarinsa yana tsaunukan Gini, kusa da iyakar Saliyo, kimanin kilomita 240 kacal daga teku. Amma maimakon ya gangara tekun da ke kusa, sai ya juya mata baya ya nausa arewa maso gabas, ya ratsa Bamako da Segu, ya doshi Sahara. A tsakiyar Mali ruwan yakan bazu cikin wata makekiyar fadama, ƙasar Masina, inda Shehu Ahmadu Lobbo ya kafa daularsa ta Hamdullahi. Sai ya wuce Tumbutu sannan yake lanƙwasowa kudu, ya bi ta Gawo da Yamai da Gaya, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi. Gulbin Kebbi da Kogin Kaduna duk cikinsa suke zuba. A Lakwaja yake haɗuwa da Binuwai, daga nan su miƙe tare ta Anaca har yankin Neja Delta.

Wannan doguwar kewaya ta daɗe tana rikita Turawa. Mungo Park ya ga kogin a Segu a 1796, ya dawo karo na biyu, ya halaka a ruwan Busa a 1806. Sai a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi shi har bakin teku. Masunta da fataken da ke hawansa tun zamanin daulolin Mali da Songhai ba su taɓa jiran wani ya gano musu shi ba.

Fadamar Masina ce ke sa kogin cika sau biyu a shekara a sashen Nijar da arewacin Nijeriya. Cikar farko ta damina ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka. Ta biyu kuwa ruwan saman da aka yi a Gini ne, wanda fadamar ke riƙewa watanni, sai cikin hunturu yake isowa, ya tace sarai. Manoman rani da masunta, irin su Sarkawan Yawuri da Nufawa, da wannan lissafi suke aiki.

Ga ɗan kasuwa, tarihin kogin tarihin gadojinsa ne. Layin dogo daga Legas ya isa Kano tun 1912, amma a Jebba sai an ɗora taragu a kan jirgin fito, har zuwa 1916 da aka kammala gadar jirgin ƙasa. Gadar Anaca da Asaba an gama ta a 1965. Ba ta yi shekara biyu cikakku ba yaƙin basasa ya lalata ta, sai bayan yaƙin aka gyara. Shekaru fiye da hamsin ita kaɗai ta ɗauki nauyin zirga-zirgar wannan mashiga, kuma duk direban da ya taɓa kwana a kanta cikin Disamba ba ya buƙatar bayani. Gada ta biyu, mai tsawon kilomita 1.6, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita a Mayun 2023.

Wadda ta fi shafar 'yan Arewa ita ce Gadar Murtala Mohammed da ke Jamata, tsakanin Lakwaja da Koton Ƙarfe. Ta nan shanu da albasa da tumatir ke gangarawa Kudu, ta nan tankokin mai ke haurowa. A ambaliyar 2022 ruwa ya shanye hanyar a wajen Koton Ƙarfe, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, kayan gwari suka ruɓe, layukan mai suka dawo Abuja. Wannan ya nuna yadda cinikin rabin ƙasa ya rataya a kan 'yan mashigai ƙalilan. Ambaliyar ta wannan shekara, kamar ta 2012, ta haɗu da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda ke kan Binuwai.

A Yamai gadoji uku ne: ta Kennedy ta 1970, ta abotar Sin da Nijar ta 2011, da ta Janar Seyni Kountché ta 2021. Bamako ma uku gare ta. Gadar Gaya da Malanbil kuwa ita ce ƙofar Nijar zuwa tashar ruwan Kwatano, shi ya sa rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya taɓa farashin kaya har cikin kasuwannin Yamai.

Wutar lantarki ma daga kogin take. An kammala madatsar Kainji a 1968, daga baya ƙarfinta ya kai megawat 760, tafkinta ya haɗiye tsohon garin Busa, aka mayar da mutanensa Sabuwar Busa. Ta Jebba, mai megawat 578, ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980. A Mali, madatsar Markala ta 1947 ce ke shayar da gonakin shinkafa da rake. Nijar na gina tata a Kandaji. Tun da ruwan da aka tare a sama ragi ne ga na ƙasa, ƙasashe tara suka haɗu a Hukumar Kula da Kogin Neja, mai hedkwata a Yamai, domin daidaita rabo.

Inda aka yi sake shi ne sufuri. A zamanin Turawa jiragen ruwa na kai kaya har Baro, inda layin dogo na Kano ke karɓa tun 1911. Gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta fara yashe kogin daga Warri zuwa Baro a 2009, aka kuma ƙaddamar da tashar Baro a Janairun 2019, amma har yanzu kayan da ya kamata su bi ruwa kan kwalta suke bi. Abin da ya rage a kan ruwan galibi kwalekwalen katako ne masu inji, waɗanda akan cika maƙil da mutane da buhuna da babura, sau da yawa da dare, ba rigar ruwa. A Mayun 2021 wani ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi da ɗimbin fasinjoji. A Yunin 2023 fiye da mutum ɗari, masu dawowa daga biki, suka rasu a yankin Patigi. Hukumar da ke da alhakin sa ido a kan wannan sufuri, NIWA, hedkwatarta tana Lakwaja, a bakin kogin.