Yadda Ake Auna Talauci da Waɗanda Ya Fi Shafa

Talauci shi ne rashin abin da zai ishi mutum ya ci, ya sa sutura, ya sami wurin kwana, ya nemi magani, ya kuma sa 'ya'yansa a makaranta. Kowa ya san shi in ya gan shi, amma aunawar ce da wuya. Ikkilisiya kuwa tana bukatar ma'auni, domin duk lokacin da dattawa suka zauna rabon hatsin taimako, sai sun yanke shawarar wanda za a fara ba.

Ma'auni na farko shi ne na kuɗi. A 1990 Bankin Duniya ya ɗauki dala ɗaya a rana a matsayin iyakar matsanancin talauci. An ɗaga ta zuwa dala 1.90 a 2015, dala 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025, saboda tsadar kaya. Nijeriya ma tana da nata. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a bincikenta na 2018 zuwa 2019, ta sa iyakar a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kusan naira 376 a rana. Mutum miliyan 83, kashi 40 cikin ɗari, suna ƙasa da wannan iyaka, ban da jihar Borno, wadda rashin tsaro ya hana a auna ta sosai. A ƙauye kashi 52 ne, a birni kashi 18. Sakkwato da Taraba sun haura kashi 87, Legas ba ta kai kashi 5 ba.

Sai dai kuɗi ba ya faɗin kome. Manomi yana iya samun rumbu cike da dawa, amma asibiti yana da nisa, ruwan sha na rafi ne, yara kuma suna kiwo maimakon zuwa makaranta. Shi ya sa aka fito da ma'auni na biyu, mai duba fannoni da yawa. A Nuwamba 2022 hukumar ta fitar da sakamakonsa bayan ta duba lafiya, ilimi, yanayin zaman gida, da aikin yi tare da masifun da ke faɗa wa iyali. Mutum miliyan 133 aka samu cikin talauci, kashi 63 cikin ɗari, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Fiye da rabinsu yara ne. A ganinmu wannan ma'auni ya fi kusa da abin da fastocinmu na karkara suke gani kullum.

Littafi Mai Tsarki ma ya san da bambancin ƙarfin mutane. A Littafin Firistoci sura 5, wanda ba shi da halin kawo tunkiya an yarda ya kawo kurciyoyi biyu, wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa sai ya kawo gari. Luka 2:24 ya nuna hadayar tsuntsaye ce Yusufu da Maryamu suka miƙa, hadayar marasa hali ke nan. Maimaitawar Shari'a sura 24 kuma ta ambaci waɗanda za a bar wa kala a gona: baƙo, maraya da gwauruwa. Dukansu mutane ne marasa gona ko marasa mai tsaya musu, kamar 'yan'uwanmu da rikici ya raba da ƙauyukansu yau.

Ƙididdiga tana auna gida ne gaba ɗaya, don haka takan tsallake gwauruwar da ke zaune a gidan ɗan'uwan mijinta mai hali, ko marayan da ke ci bayan kowa ya ƙoshi. Kunya kuma tana hana da yawa faɗin halinsu. Dikinoni da zumuntar mata su ne suka fi sanin irin waɗannan. Idan za su rubuta sunayen masu bukata, tambayoyin da suka fi amfani su ne: sau nawa ake ɗora tukunya a rana, a wane wata hatsi yake ƙarewa, yara nawa ne ba sa makaranta, kuma me aka sayar ko aka jinginar a ciwon ƙarshe da aka yi a gidan.