Tarihin Gaggauta Kwafar Hoto a Cikin Kwamfuta: Darasi Daga Kantin Kwari

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda masana suka shawo kan jinkirin kwafar hoto tsakanin rumbuna biyu na kwamfuta, wato babban rumbu inda ake shirya hoto, da rumbun allo inda ake baje shi ido ya gani. Duk wanda ya san Kantin Kwari da ke Fagge ya san irin wannan matsala: kaya na sito, mai saye na bakin rumfa, lungun da 'yan dako ke bi kuwa ƙunci gare shi.

Hoton kwamfuta tarin ɗigogi ne. A shekarar 1975 Dan Ingalls na cibiyar binciken Xerox a Amurka ya tsara dabarar BitBLT, wadda ke ɗaukar yankin hoto sukutum ta sauke shi a wani wuri, maimakon ɗigo ɗaya-ɗaya. Da IBM ya fito da tsarin VGA a 1987 nauyin ya ƙaru. Allo mai ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye yana cin bayit 64,000, ana kuma sabunta shi sau 70 cikin daƙiƙa. Ashe ke nan mai son sauya kowane hoto sai ya yi dakon bayit 4,480,000 duk daƙiƙa ta siririyar hanyar ISA.

Dabaru uku aka bi. Na farko, a kammala zane a babban rumbu sannan a tura shi sau ɗaya, domin ɗauko abu daga rumbun allo ya fi kai shi jinkiri. Na biyu, a bar hotunan da ake yawan bukata a cikin rumbun allon; a 1991 Michael Abrash ya yaɗa hanyar kwafar ɗigo huɗu a tafiya ɗaya a cikin VGA. Na uku, a ɗauki ɗan dako na musamman, kamar yadda Amiga ta 1985 ta zo da wani sashe da aka keɓe wa wannan aiki. Daga baya aka faɗaɗa lungun kansa da PCI a 1992 da AGP a 1997.

Wannan tarihi bai tsaya a ƙetare ba. Sana'ar fim ɗin bidiyo ta Hausa, wadda ta kankama a Kano da Turmin Danya a 1990, ta koma tace hoto da kwamfuta, kuma tsofaffin na'urorin da ake saye a Sabon Gari su ne abin da ɗalibanmu da yawa ke iya mallaka. Bisa ga haka, muna ganin wajibi ne malamai su koya musu ƙidaya zirga-zirgar hoto kafin su ɗora laifi a kan na'ura, domin a wannan fanni rage yawan tafiya ya sha riga faɗaɗa hanya.