Kalmar "Limited" da ke ƙarshen sunan kamfani: ina ta samo asali?



Kwanaki wani abokina da muka gama jami'a tare ya nuna mini takardarsa ta hukumar CAC, yana murna wai shi ma ya zama "Limited". Ina dubawa sai na ga ashe sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista. Shi ya sa yau na ce bari mu bi sawun wannan kalma.

Ma'anarta "mai iyaka". To, me aka yi wa iyakar? Alhakin bashi. In kamfani ya karye, asarar mai hannun jari ba za ta wuce abin da ya zuba ko ya yi alkawarin zubawa ba.

A 1855 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta buɗe wa kamfanoni wannan ƙofa, bisa sharaɗin su rubuta "Limited" a ƙarshen sunansu. Wato gargaɗi ne ga mai ba da bashi, ya san iyakar abin da zai iya kamawa.

Waɗanda ba su da wannan kariya sun ɗanɗana kuɗarsu. A 1878 bankin City of Glasgow ya durƙushe, aka nemi masu hannun jari su biya fam 2,750 a kan kowane jarin fam 100. Yawancinsu suka tsiyace.

Sai shari'ar Aron Salomon, wani mai sana'ar takalma a Landan, wanda ya kafa kamfani da matarsa da 'ya'yansa biyar. Da kamfanin ya karye, aka so a ɗora masa bashin. A 1896 kotun ƙoli ta Birtaniya a wancan lokaci ta ce a'a: kamfani daban, mai shi daban. Har gobe lauyoyin Najeriya na kafa hujja da wannan hukunci.

Yanzu dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tilo ya buɗe ƙaramin kamfani irin wannan. Amma mai sunan kasuwanci kawai, irin abokina, shi da kasuwancin abu ɗaya ne; in bashi ya taso, har gidansa ana iya bi.

Kuma ko kana da "Limited", in ka sa hannu ka tsaya wa kamfanin a kan rancen banki, kariyar ba za ta fisshe ka ba. Don haka matasa, a karanta kafin a sa hannu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.