Zaɓen da aka ci a baki, aka faɗi a akwati

'Yan uwa ɗalibai 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu: Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Tun shekaranjiya nake ganin ana ta yawo da sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin nan da aka yi a WhatsApp, wadda ta nuna ɗan uwanmu da ke neman mataimakin shugaban ƙungiyar ɗalibai ya yi wa abokan takararsa fintinkau. Wasu har sun fara kiransa da "mai girma". A ɗakinmu kuma wani ya ce mini, "Bar su kawai, a baki ne suke tare da mu, ranar zaɓe kowa nasa zai bi." Maganganun biyu duk sun tuna mini da wani zaɓe da muka karanta a kwas ɗin halayyar masu zaɓe a zangon da ya wuce, wato zaɓen gwamnan jihar Kalifoniya ta Amurka na ranar 2 ga Nuwamba, 1982.

Kafin labarin, akwai abin da ya kamata a fahimta. A Kalifoniya ba 'yan takara kaɗai ake zaɓa ba. Tun 1911, zamanin Gwamna Hiram Johnson, jama'a suka samu ikon su rubuta ƙudurin doka da kansu, su tara sa hannun adadin masu zaɓe da doka ta tanada, sai a buga shi a takardar ƙuri'a da lambarsa, kowa ya ce e ko a'a. An yi haka ne don a karya lagon kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific, wanda a lokacin ya sa majalisar jihar a aljihu. Mu a nan ba mu saba da wannan ba. Abin da ya fi kusa da shi a tarihinmu shi ne ƙuri'ar raba gardama ta 1961, da mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Najeriya, yankinsu ya zama Lardin Sardauna. To su can kusan duk zaɓe sai an yi irin wannan, kan haraji, makarantu, gidajen yari, har bindiga.

A 1982 mutum biyu ne a gaba. Tom Bradley na jam'iyyar Dimokurat, baƙar fata, jikan bayi, an haife shi a Teksas a 1917, iyayensa suna noman ƙodago a gonar wasu. Ya yi aikin ɗan sanda a Los Anjalis fiye da shekara 20, ya yi karatun lauya da dare, ya zama magajin garin birnin a 1973. Da ya ci, da shi ne baƙar fata na farko da aka zaɓa gwamna a duk tarihin Amurka. Ɗayan kuma George Deukmejian na Rifablikan, babban lauyan gwamnatin jihar, wanda iyayensa Armeniyawa ne 'yan ci-rani. Sunan nan sai da lakcaranmu ya faɗe shi sau uku kafin muka iya.

Ƙuri'un jin ra'ayi da aka riƙa bugawa sun nuna Bradley a gaba, har da ta Mervin Field, wanda a jihar ake ɗaukar maganarsa kamar yankan wuƙa. A watan Oktoba sai manajan kamfen ɗin Deukmejian, Bill Roberts, ya yi suɓutar baki gaban 'yan jarida, ya ce akwai fararen fata da ba za su gaya wa mai tambaya gaskiya ba, amma in sun shiga rumfar zaɓe ba za su zaɓi baƙi ba, kuma hakan zai iya kai kashi 5 cikin ɗari. Aka yi masa ca, ya bar muƙaminsa.

Daren zaɓe, tambayar da aka yi wa mutanen da ke fitowa daga rumfuna ta nuna Bradley ya ci. Field ya faɗi haka a talabijin. Jaridar San Francisco Chronicle ta buga a fitowarta ta farko cewa ana hasashen nasarar Bradley. Gari na wayewa sai ga Deukmejian ya ci da tazarar ƙuri'u kimanin 93,000, cikin fiye da miliyan bakwai da rabi da aka kaɗa.

Nan take aka tuna da maganar Roberts, aka ce ai ga shi nan. Daga nan aka raɗa wa abin suna "tasirin Bradley": mutum ya ji kunyar a ce yana ƙyamar baƙi, sai ya yi wa mai tambaya ƙarya. Da Douglas Wilder ya tsaya takarar gwamnan Bajiniya a 1989, ana ba shi tazara mai faɗi amma ya sha da kyar da ƙasa da ƙuri'u 7,000, sai bayanin ya ƙara samun gindin zama. Har lokacin Obama a 2008 ana ta fargabarsa.

Ni ma da farko na karɓi bayanin hannu bibbiyu, don ya yi daidai da abin da zuciyata ke son ji. Duk wanda aka taɓa kira "aboki" da wata irin murya a motar haya ya san abin da nake nufi. Amma da na zauna na karanta abin da waɗanda suka yi aikin kamfen ɗin suka rubuta daga baya, sai na ga labarin bai tsaya nan ba.

A takardar ƙuri'ar ranar akwai Ƙuduri na 15, wanda ke neman a yi wa ƙananan bindigogi rajista, a kuma tsayar da yawansu a jihar kada ya ƙaru. Bradley ya goyi bayansa, Deukmejian ya ƙi. Da farko jin ra'ayi ya nuna jama'a na son ƙudurin. Sai ƙungiyar masu bindiga ta NRA da kamfanonin ƙera makamai suka zuba miliyoyin daloli, shagunan sayar da bindiga suka koma wajen yi wa mutane rajistar zaɓe. Mutanen karkara da na tsakiyar jihar, waɗanda da yawansu ba su damu da zaɓen gwamna ba, suka fito don kare bindigarsu. Ƙudurin ya faɗi warwas, kusan kashi 63 cikin ɗari suka ce a'a. To wanda ya taso daga gona don ya ce a'a ga ƙudurin, in ya ɗaga ido ya ga sunan mai goyon bayan ƙudurin da na mai adawa da shi, wa kuke jin zai dangwala wa? Wannan mutumin bai yi wa kowa ƙarya ba. Masu tambaya ne ba su sa shi a lissafin waɗanda za su fito ba.

Sai kuma ƙuri'ar gidan waya. A 1978 jihar ta sassauta doka, kowa na iya neman a aiko masa da takardar ƙuri'a gida ba tare da ya kawo uzuri ba. 'Yan Rifablikan suka gane amfanin wannan kafin abokan hamayyarsu, suka bi magoya bayansu da takardun nema. A ƙuri'un da aka kaɗa a rumfuna ranar zaɓe, Bradley ne a gaba da kimanin 20,000. A na gidan waya kuwa Deukmejian ya ba shi ratar kusan 113,000. Mai tsayawa bakin rumfa yana tambayar masu fitowa ta yaya zai ga wanda ya yi zaɓe a falonsa mako guda kafin nan?

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma shi ne, a wannan daren dai Field ya yi hasashen Jerry Brown zai ci kujerar sanata, shi ma ya sha kaye a hannun Pete Wilson. Brown kuwa farar fata ne, ɗan tsohon gwamna. Ba wanda zai ji kunyar cewa ba zai zaɓe shi ba. Sannan mai yi wa Deukmejian binciken ra'ayi, Lance Tarrance, ya rubuta cewa nasu alƙaluman na cikin gida sun nuna tazarar na ta raguwa har ta kusa rufewa a kwanakin ƙarshe.

Kada wani ya ce na wanke Amurkawan 1982 daga wariyar launin fata. Ban wanke su ba. A zaɓen da aka rabu da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, in ma mutum ɗaya cikin ɗari ya juya wa Bradley baya saboda fatarsa, ya isa ya kayar da shi, kuma zai yi wuya a ce ba a samu hakan ba. Wani masani, Daniel Hopkins, ya bi zaɓukan gwamnoni da sanatoci na shekaru da dama, ya gano cewa giɓin nan tsakanin jin ra'ayi da sakamako ga 'yan takara baƙaƙe ya wanzu da gaske har farkon shekarun 1990, daga baya ya dushe. Abin da na ƙi shi ne yadda bayani ɗaya ya danne sauran, alhali sauran su ne waɗanda 'yan kamfen ɗin Bradley ke da ikon yin wani abu a kansu tun kafin ranar.

Yanzu mu dawo gida. Wa ya amsa ƙuri'ar WhatsApp ɗin nan? 'Yan zaurukan da muke ciki, da abokanmu, da wasunmu da suka dangwala da waya biyu (kun san kanku). A ranar zaɓenmu kuma akwai tambaya kan ƙarin kuɗin ƙungiya don sayen bas na masu zama a wajen makaranta. Waɗannan su ne mafi yawa, ba kasafai suke fitowa zaɓe ba, amma bana za su fito, ko don bas ɗin ko don kare aljihunsu. Ɗan takararmu har yau bai ce uffan kan batun ba, kuma ban ji wani daga cikinmu ya je unguwanninsu ya ji bakinsu ba. Ga shi zaɓen ya faɗo a makon da da yawanmu ke kama hanyar gida, mu kuma ba mu da ƙuri'ar gidan waya. Wanda ya hau mota zuwa Kano ko Gombe ya tafi da ƙuri'arsa.

Wallahi ba na son mu wayi gari muna cewa an ci amanarmu saboda mu 'yan Arewa ne, alhali ba mu ƙirga namu ba, ba mu kuma nemi na wasu ba. In ƙabilanci ya kayar da mu, zan kasance na farkon faɗa. Amma sai mun tabbatar shi ne.

Gobe bayan sallar Juma'a ina bakin masallaci da takarda. Ina neman mutum biyar da za su bi sashe-sashe su rubuta wa ya biya kuɗin ƙungiya, wa ke da katin shaida a hannu, wa kuma zai iya ɗage tafiyarsa da kwana biyu. Ina kuma neman waɗanda ke jin Yarabanci ko turancin buroka sosai, mu bi ɗan takara zuwa gidajen 'yan waje ranar Asabar.